Zoben da Abba Ya Ƙi Ƙerawa

"Ba zan ƙera ba, Maikuɗi. Ka yi haƙuri."

Ina tsaye bayan labulen da ya raba shagon Abba da matakalar gidanmu, da tiren shayi a hannuna, na ji wannan magana. A unguwar Anbariyya ta Madina muke zaune, gida a sama, shagon ƙirar zinari da azurfa a ƙasa. A nan aka haife ni, ni da yayana Sabiru, duk da iyayenmu Hausawan Sudan ne.

Maikuɗi kuwa ba baƙo ba ne. Shi ne wan Issoufou, saurayin da aka sa ranar aurenmu bayan Babbar Sallah. Tun da mahaifinsu ya rasu a Damagaram shi ya riƙe Issoufou, ya kawo shi Madina, ya sa shi koyon gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Da dako ya fara a kasuwar dabino, yanzu yana da motocin jigilar alhazai zuwa Makka.

"Baba Bakri, zobe fa na ce. Wanda zan sa ranar ɗaurin auren ƙanena. Ga zinarin na kawo da kaina."

"Na gani. Amma ka san zinari bai halatta ga namiji ba, kuma ban taɓa ƙera wa namiji ba. Bari in yi maka na azurfa, in ɗora masa dutse mai kyau, kyauta."

"Kyauta? Na yi kama da mai roƙo?"

"Ba haka nake nufi ba..."

"Kwanaki ina zaune a wannan kujera wani Balarabe ya shigo, ya gwada zobe a yatsansa, ka naɗe masa kana dariya."

"Cewa ya yi na matarsa ne."

"Ka yarda da shi. Ni kuma sai wa'azi. Ku 'yan Sudan dama gani kuke kun fi mu kusa da Larabawa. Shago a buɗe yake ga kowa, takardarka ba ta ce ka zaɓi wanda za ka yi wa aiki ba."

Abba bai ɗago daga aikin da yake gogewa ba, ya ce, "Hannuna ne zai yi shaida a kaina ranar gobe, ba takarda ba."

Ban ga lokacin da Maikuɗi ya ɗaga hannu ba. Ƙara kawai na ji, gilashin kantar ya tarwatse, awarwaro da 'yan kunne suka watse a ƙasa. Tiren ya suɓuce mini. Na leƙa, na ga jini yana zuba daga dunƙulen hannunsa, wani gutsuren gilashi kuma ya yanki Abba a kunci.

"Za ka san ka wulaƙanta ni," in ji shi, ya fice.

Bayan magariba wayar falo ta yi ƙara. Na riga kowa ɗauka.

"Sumayata... kina jina?"

"Ina jin ka."

"Yaya jikin Abba?"

"An ɗinke masa. Issoufou, me muka yi wa yayanka?"

Ya ce, "Ba ku ba ne, habibti. Akwai shagunan da ya shiga da kuɗinsa a aljihu aka nuna masa ƙofa, aka ce ya je ya turo ubangidansa. Abin yana cinsa. Ki ba ni lokaci, zan shawo kansa."

"In kuma ya ƙi?"

"Ni dai ba zan bar ki ba. Wannan ki sa a ranki."

Amma Maikuɗi bai jira a shawo kansa ba. Ya kai ƙara ofishin da ke kula da 'yan kasuwa, ya ce shagon Abba yana bambanta masu saye, yana korar baƙar fata. Jami'ai suka zo, Abba ya yi musu bayani. Ɗaya ya gyaɗa kai ya ce ba a tilasta wa mutum ya saɓa wa addininsa. Ɗayan ya ce duk da haka zargin wariya ba abin wasa ba ne, sai an bincika. Suka rufe shagon, suka manna takarda a ƙofa.

Kafilin Abba, mutumin da lasisin shagon yake da sunansa, ya zo yana faɗa tun daga matakala. Ya ce shi ba ya son sunansa a bakin hukuma. Ko Abba ya ƙera zoben a janye ƙara, ko ya nemi wani kafilin.

"Abban Sabiru, ka ƙera masa mana," Umma ta ce tana hawaye bayan ya tafi. "Zunubin ai na mai sawa ne. Ka dubi yarinyar nan."

Abba ya dube ni ya daɗe. Na sunkuyar da kai, don a raina ni ma abin da nake so ke nan.

"Sumaya, kin san ina son farin cikinki," ya ce. "Amma kada ku nemi wannan a wurina."

Yaya Sabiru yana jingine da ƙofa. Tun ranar da ya ga ɗinkin da ke kuncin Abba bai ƙara cin abinci da mu ba.

Washegari da la'asar na gan shi ta taga yana jefa ƙarfen kwance taya a cikin motarsa. Na sauko da gudu, ko mayafi ban gyara ba.

"Yaya Sabiru, ina za ka?"

"Udkhuli," ya ce, wato in koma ciki. Shi dama Hausa jinta kawai yake yi, da Larabci yake amsawa.

"Don Allah, don darajar Umma..."

Ya ja mota.

Na buga wa Issoufou waya a wurin aikinsa. Na ce ya yi sauri ya je garejin yayansa a Harra ta Yamma. Sannan na tashi Abba, muka tari tasi.

Tun daga bakin layi muka hango taron mutane. Gilasan motoci biyu a farfashe. Maikuɗi da Yaya Sabiru suna birgima a kan baƙin dutsen ƙasar wurin, rigunansu sun yage, bakin Yaya Sabiru duk jini. Maikuɗi ya fi shi ƙarfi, ya danne shi, ya shaƙe masa wuya yana buga kansa da ƙasa. Direbobi suka janye shi da ƙyar. Ai kuwa Yaya Sabiru na miƙewa ya rarumi ƙarfen nan.

Abba yana kiran sunansa. Ni ma ina kira. Bai ji kowa ba.

Sai ga Issoufou ya keto taron, da kayan aikinsa a jiki. Ya ture yayansa gefe, ya buɗe hannu biyu.

"Sabiru, ni ne, tsaya..."

Ƙarfen ya riga ya sauko.

Sautin da ya yi a fuskarsa ba zai taɓa fita daga kunnena ba. Issoufou ya durƙusa, ya kife. Jini ya malale tsakanin duwatsu. Wurin ya yi tsit.

Maikuɗi ne ya fara ihu. Ya rungume kan ƙanensa a ƙirji yana kiran "Yarona, yarona", kamar mace. Yaya Sabiru ya saki ƙarfen, ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannu a ka. A haka 'yan sanda suka same shi.

Likitan da ya yi aikin, wani ɗan Kano ne, ya fito ya ce Allah ya tsare ransa, amma idon hagu ya tafi.

Daga nan gidanmu ya zama gidan makoki. Umma ba ta barci, ɗanta yana tsare. Aka ce mata in wanda aka ji wa rauni ya yafe, hukunci zai yi sauƙi. Maikuɗi kuma ya rantse sai an yi ƙisasi. Umma ta kama hannuna ta ce, "Ke kaɗai Issoufou zai ji maganarki. Ki roƙe shi."

Yaya zan roƙi mutumin da ni na kira shi ya je wurin?

Na bi Abba asibiti. A baranda muka tarar da Maikuɗi zaune a benci, ya rame, hannunsa a naɗe. Na zaci zai tashi da faɗa. Bai ko motsa ba. Abba ya zauna kusa da shi.

"Ni na goya shi," Maikuɗi ya ce, murya a dashe. "Ranar da muka binne Baba a bayana ya yi barci. Na kawo shi garin Manzo don ya zama mutum, ga abin da na ja masa a kan zobe."

"Ni ma ɗana ne ya yi," in ji Abba. "Maikuɗi, ko yau ka dawo ba zan ƙera ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ranar nan ko kallonka ban yi ba da nake ba ka amsa. Ya kamata in ajiye aikin in dube ka."

Maikuɗi ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya, kafaɗunsa suna rawa.

Na shiga ɗakin. Rabin fuskar Issoufou a naɗe take da bandeji. Ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gan ni.

"Kin zo," ya ce.

Kuka ya ƙwace mini. "Ni na kira ka... da ban kira ka ba..."

"Da yanzu Yaya yana kabari, Sabiru yana jiran takobi. Ki daina, zuciyata."

"Umma ta ce in roƙe ka..."

"Ba sai kin roƙa ba. Tun da safe na gaya wa jami'in na yafe." Ya taɓa bandejin. "Ni ne zan tambaye ki. Ba su nuna mini madubi ba, amma na taɓa na ji. In kin ga ba za ki iya ba, wallahi ba zan riƙe ki a raina ba."

"Kada ka ƙara faɗa mini haka."

"Sumaya, ki yi tunani..."

"Na gama tunani tun a hanyar zuwa nan."

Maikuɗi ya janye ƙararsa, aka buɗe shagon. Amma yafiyar Issoufou ba ta goge haƙƙin hukuma ba. Yaya Sabiru ya yi zaman gidan yari, da ya fito aka ce ya bar ƙasar. Aka tura shi Sudan, ƙasar da bai taɓa takawa ba, wurin dangin Abba da bai san fuskarsu ba. Umma ta riƙe rigarsa a filin jirgi har sai da aka ɓamɓare yatsunta. Kafin ya wuce ya tsaya gaban Issoufou, bakinsa na motsi, magana ta ƙi fita. Issoufou ya jawo shi ya rungume.

An ɗaura aurenmu a wani ƙaramin masallaci a Ranuna, inda muka kama gida. Ba kiɗa, ba taro. Maikuɗi ne ya karɓa wa ƙanensa. Umma ta kawo ni ɗakina, ta so ta yi guɗa, muryarta ta karye a tsakiya, ta fita da sauri.

Da kowa ya watse Issoufou ya shigo. Kafaɗarsa ta bugi ƙofa, don har lokacin bai saba auna abin da ke hagunsa ba. Ya tsaya yana murmushin kunya.

"Amarya, ki yi haƙuri da angon naki."

Na tashi na zagaya ta gefen da ba ya gani, na riƙe hannunsa.

"Nan ne wurina," na ce. "Mu je."