Bangon da Baba Ya Baƙanta

Da almuru mai fenti ya koma ɗakin marigayi mahaifinsa don ɗauko buroshin da ya manta. Ransa a ɓace yake, don tun safe suke sa-in-sa da mahaifiyarsa.

Shekara talatin ɗakin nan yana da bango baƙi ƙirin, mai kaushi kamar bayan kada. Baba da kansa yake cakuɗa baƙin fenti da yashi ya yaɓa duk shekara. Ko fitila uku ka kunna, bangon zai shanye hasken ya bar ka cikin duhu. A ɗakin Inna ta yi ta ɗinki har idanunta suka raunana. Abokan sana'a kuwa ba su bar mai fenti ya sha ruwa ba: "Mai haskaka gidajen mutane, nasa kamar kabari!"

Wata biyu da rasuwar Baba, ya ɗauko kayan aiki.

"Kai, ka bar bangon nan yadda ka same shi," in ji Inna.

"Inna, wannan sana'ata ce. Baƙi mai kaushi cinye haske yake. Fari mai santsi kuwa mayar da shi yake. Taurin kan Baba ya ci miki ido, yanzu kuma ki kare shi?"

"Na dai faɗa maka."

Bai saurara ba. Kwana uku yana kankara da haushi, kamar da bangon yake faɗa. Ya goge shi sumul. Yau da la'asar ya shafa farin fenti mai sheƙi.

Yanzu ya tura ƙofa. Warin sabon fenti ya buge shi, amma a ƙarƙashinsa akwai wani ƙauri, irin na gashin da ya ƙone.

Ragowar hasken rana ya shigo ta taga ya sauka kan bangon. Fentin bai bushe ba. Yana ƙyalli kamar ruwa a kwance, har ya ga fuskarsa a ciki.

Sai ya ji ƙaras, ƙaras. Kamar farce a kan gilashi.

Daga cikin bangon ƙarar take fitowa.

Ya ƙura ido. A bayan hoton nasa ba ƙofar ɗakin ba ce. Wani dogon ɗaki ne, cike da mutane a zaune, kowa ya rufe idanunsa da dogayen yatsu.

Ɗaya ya miƙe. Kansa ya taɓa rufi.

"Wa ya watso mana haske?" Muryar raɗa ce, amma ta cika kunnuwansa. "Ubanka ya yi mana alkawarin duhu."

Haushin shekara talatin ya riga tsoro zuwa bakin mai fenti.

"Gidanmu ne! Saboda ku uwata ta rasa ido?"

Duk suka sauke hannuwansu lokaci ɗaya.

Ba su da fatar ido.

Farin fentin ya kumbura. Hannu ya fito, sanyi kamar ƙarfe, ya kama masa rabin fuska. Ya fara ja.

Ya yi ƙoƙarin ihu. Babu murya.

Kuncinsa ya taɓa bangon. Bangon ya lotsa.

Sai ya ji takun Inna, tana lalube, tana jan wani abu mai nauyi. Bokitin yashin Baba ne. Ƙyallin bai dame ta ba, don da ƙyar take ganinsa. Ta ɗebo da hannu biyu ta watsa.

"Ku sakar min ɗa, la'anannu!"

Yashin ya manne a ɗanyen fentin. Duk inda ya sauka, sheƙin ya mutu. Ta watsa, ta ƙara watsawa, tana addu'a tana zagi a haɗe. Hannun ya saki. Mai fenti ya faɗi, ya rarrafa ya rufe taga don hasken ya yanke, suka fice ta ƙofa.

A tsakar gida, yana haki, ya juyo mata da faɗa.

"Me ya sa ba ku taɓa gaya min ba?"

"Da mun gaya maka, yarda za ka yi?" in ji Inna a fusace. "Kai da ka fi kowa sani?"

Washegari da hantsi ya yaɓa baƙin fenti da yashi, shafi uku.

Bayan mako guda idonsa na hagu ya fara sanyi, ya je asibiti. Likita ya haska masa tocila a na dama, ya yi ƙyalli kamar na kowa. Ya haska na hagu, ya daɗe yana dubawa. Sai ya kashe tocilar, ya ja kujerarsa baya.

"Malam," ya ce a hankali, "hasken shiga yake, ba ya dawowa. Kuma akwai wanda yake kallona daga ciki."