Akuya Mai Wutsiyar Kifi

A wani gari, can bakin wani tafki, an yi wata mata mai suyar kifi, ba ta cika magana ba. Wata rana wani hoto ya shigo wayoyin mutane: akuya mai wutsiyar kifi, wai a tafkinsu aka gan ta. Mai unguwa ya hana kamun kifi, ya hana ɗibar ruwa.

Matar ta karɓi waya ta duba. Ta ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, wannan zane ne."

Ya ce, "Ke, baiwar Allah, kin fi maza sani ne?"

"Ban fi su ba, amma zane ne. Kullum ina kankare kifi. Ɓawonsa wajen wutsiya yake kwanciya, na wannan kuwa wajen kai ya kwanta."

Mijinta ya raɗa mata, "Rufa mana asiri, ki yi shiru."

Ta ce, "Malam, zane ne."

Ta ɗauki tulu, ta shiga ruwa har ƙugu, ta cika, ta fito lafiya. Ta dubi masuntan garin ta ce, "In kun gama jin tsoron, man suyata yana kan wuta."