Igiyar Awon Khairiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ta iso ƙofar gida tana danna hon.

A buɗe mata, ta shigo mu ji ta.

A garin Dapaong, cikin wani gida mai ɗaki biyu da darbejiya a tsakarsa, akwai wani matashi, Nourou, da matarsa Khairiya. Shi ɗan Sokodé ne, aikin yi wa shanu allura ya kawo shi arewa, kullum da safe sai ya hau moto, wato babur, ya nufi ƙauyukan Naki-Est. Ita kuwa 'yar Mango ce, tela, kekenta na ɗinki yana zaure. Shekararsu ɗaya da aure, ko musu mai ƙarfi ba a taɓa ji daga ɗakinsu ba.

Da damina jaki ya gitta wa Nourou a hanya. Moto ta tashi daga aiki, gwiwarsa ta dama ta fashe. Likita ya ɗinke, ya ce zai yi tafiya lafiya, amma kada ya ƙara ɗaga ƙafar sama sosai, kada kuma ya buga kik da ita don tayar da moto. Tun a gadon asibiti Nourou ya sa Khairiya ta yi alkawarin mahaifiyarsa, Inna Zénabou, ba za ta ji ba. Hatsarin hanya ne ya ɗauke mahaifinsa, ya san in ta ji sai ta ce ya ajiye aiki ya koma Sokodé. A waya aka gaya mata moton ce ta tsufa.

Da lokacin sayen wata moton ya yi, Khairiya ta tsayar da mijinta jikin bango, ta ce ya ɗaga ƙafa har inda zafi zai tsayar da shi. Ta auna da igiya daga ƙasa zuwa tafin ƙafarsa, ta ƙulla ƙulli a wurin. Da igiyar nan ta zaga rumfunan masu sayar da moto, tana durƙusawa tana gwadawa, masu rumfa suna kallonta suna tambayar juna ko riga za ta ɗinka wa moto. Duk dogayen da ake wulla ƙafa ta bayan kujera sun fi ƙarfin ƙullin. Wadda ta dace ita ce mai buɗaɗɗen tsakiya, mai tashi da maɓalli, wadda mutanen gari ke kira moto-dam, ta mata.

Nourou ya yi subul da baka ya gaya wa wansa Latif, ɗan zemijan a Sokodé, mai ɗaukar fasinja a moto, cewa moto-dam za a saya. Latif ya yi dariya har da tari, kafin la'asar zancen ya isa gun Inna. A gidan aka yanke cewa 'yar Mango ta mai da yaro mijin-ta-ce, kanta take saya wa abin yawo da guminsa. Inna ta kira Khairiya a waya ta wanke ta tas, ta rufe da cewa ran da moton mata ta shiga gidan ɗanta, ran nan Khairiya za ta tattara kekenta ta koma gidan ubanta.

"Ki yi haƙuri, Inna," shi ne kawai abin da Khairiya ta ce.

Ta ajiye waya ta koma kan keke, hawaye na ɗiga a kan atamfar mutane. Ta roƙi mijinta ya sake ta daga alkawari, ya ce ta ƙara masa kwana kaɗan, yana neman bakin da zai faɗa. Kwana kaɗan ya zama mako uku, kuma kowace Juma'a sai waya ta shigo daga Sokodé da sabon gori.

Ranar wata Asabar Inna da Latif suka sauka daga mota, sun zo a yi sayen a gabansu. Bayan an ci tuwo, su huɗu suka nufi rumfa. Latif ya zarce wurin wata doguwa baƙa, yana shafa tankinta, yana cewa wannan ce moton namiji, ko a Naki-Est aka tashe ta sai an ji a Gando. Nourou ya tsaya yana kallon tsawon kujerar, gumi na tsattsafo masa.

Inna kuwa ba moto take kallo ba. Shekara talatin ta yi tana sayar da atamfa a kasuwar Sokodé, idonta ba ya wuce awo. Ta ga surukarta ta zaro igiya daga jaka a ɓoye, ta durƙusa gefen wata ƙaramar moto ja tana gwadawa. Ta miƙa hannu, Khairiya ta ba ta. Ta taka bakin igiyar da ƙafa ɗaya, ta ja ta sama, ta ga inda ƙullin ya tsaya. Sai ta dafa kafaɗar babban ɗanta, ta tattare zane, ta ɗaga ɗaya ƙafar, ta wuce ƙullin da kusan taki guda. Mai rumfa ya saki baki.

"Ke yarinya, ni da na haifi shida na wuce wannan ƙulli. Ɗazu a gida na ga kin taka turmi kin ɗauko barkono a kan rufi. Wannan ba awonki ba ne. Ƙafar wa kika auna?"

Khairiya ta sunkuyar da kai. Inna ta sake tambaya, ta ce ko ta faɗa ko ta kama hanyar Mango yau ɗin nan. Yarinya ta durƙusa, tana kuka, ta ce ita dai a yi mata duk hukuncin da aka ga dama.

Nan Nourou ya kasa jurewa. Ya zauna a kan benci, ya naɗe ƙafar wandonsa har sama da gwiwa. Ga tabon ɗinki nan kamar an ja layi da wuƙa. Ya faɗi komai, daga jaki har alkawari.

Inna ta daɗe tana shafa tabon. Da ta ɗago, kan ɗanta ta fara. Ta ce ciwon gwiwa bai dame ta ba kamar yadda ya ɓuya a bayan 'yar mutane, ya bar uwarsa tana ɗaukar alhaki mako uku. Ta juya ta ɗaga Khairiya da hannunta, ta share mata fuska da gefen mayafi.

"'Yata, ki yafe mini. Na zage ki a kan abin da ya kamata in sa miki albarka."

Nourou ya tambaya a hankali ko za ta ce ya bar aikin. Ta ce da shi kaɗai ne, da yau ya bi ta zuwa Sokodé, amma wanda ke da mai auna masa taku ba a raba shi da hanyar abincinsa. Jar za a saya, da hular kwano biyu, kuma Khairiya ta koyi tuƙi, ranar da gwiwa ta motsa ita za ta kai shi.

Latif ya sosa ƙeya ya ce to shi ke nan, ƙaninsa zai zama fasinjan matarsa. Inna ta ce shi ne ma zai koya mata, kuma ba zai ga Sokodé ba sai ta iya. Kwana biyar ya yi yana gudu a bayanta a filin makaranta, yana ihun birki, birki. A rana ta shida Khairiya ta goya Inna a baya, a hankali, har tasha.

To kun ji, 'ya'yana. Kada ku yanke wa surukarku hukunci da labarin waya, ku je ku gani da idonku. Miji kuma kada ya ɗora wa matarsa sirrin da shi ya kamata ya ɗauka. Mai haƙuri ko an daɗe, gaskiyarsa za ta yi magana a madadinsa.

Ƙurunƙus kan kusu. Man tatsuniya ya ƙare a nan, kowa ya sauka ya ƙarasa gida da ƙafa.