Hannun Yaya da Kujerar Auta

Tun ranar da aka haifi ƙaninta, kowa a gidan ya daina kiranta da sunanta. Mama ta ce Yaya, Baba ya ce Yaya. Shi ma Auta da bakinsa ya buɗe, kalmar da ya fara faɗa ke nan. Shekarunta tara, shi kuma biyu.

Auta yana da kujerarsa ta musamman a bayan mota. Tana da ƙananan maɗaurai da ke riƙe shi a kafaɗa da ƙugu. Ita kuma kujerar, bel ɗin mota ne ke riƙe ta. Yakan shiga ta wata kafa a bayanta, ya fito ta ɗaya gefen, sannan a maƙala shi.

Kowace safiya Baba yakan kama kujerar ya jijjiga ta da ƙarfi kafin ya tayar da mota.

"Baba, wai me kujerar nan ta yi maka ne, kullum sai ka yi kokawa da ita?" in ji Yaya wata rana.

"Idan ta motsa, mu ba za mu motsa ba," in ji Baba. Ya nuna mata jan maɓallin bel ɗin. "Wannan kuma, kada ki taɓa shi."

Wata Talata Baba ya yi sammako ya tafi aiki wani gari. Mama ce za ta kai Yaya makaranta.

Kwana uku Yaya ta yi tana gina gidan kwali, aikin da malamarsu ta ba su. Har da 'yar ƙofa mai buɗewa ta yi masa. Ta riga kowa fita don ta ajiye shi a mota. Tana sunkuyawa sai 'yar ƙofar kwalin ta ɓalle, ta faɗa bayan kujerar Auta.

Ta zura hannu, bai kai ba. Ta zura rula, ƙofar ta ƙara nutsewa. Ta waiga. Mama tana ciki tana neman takalmin Auta.

Sai ta danna jan maɓallin.

Bel ɗin ya zame, ya koma gidansa. Ta jawo kujerar, ta ɗauko ƙofarta. Amma da ta zo mayar da bel, ta rasa kafar da yake bi. Ta gwada nan, ta gwada can. Sai ga motsin Mama tana rufe gida. Yaya ta tura kujerar inda take, ta zauna a gefenta, ta ɗaura nata bel ɗin.

Mama ta zaunar da Auta, ta ɗaure shi da ƙananan maɗauransa. Ba ta jijjiga kujerar ba. Jiya ma Baba ya duba ta, kuma ba mai taɓa ta.

"Yaya, lafiya na ga kin yi tsit?"

"Lafiya lau, Mama."

Maganar ta zo mata har baki, ta haɗiye. Ta san faɗa za ta sha. A ranta ta ce, "Ai makaranta ba nisa. Zan riƙe ta da hannuna."

Ta ɗora gidan kwali a cinya, ta kama gefen kujerar gam. Suka wuce kantin magani. Suka wuce gidan mai. Kujera ba ta motsa ba. Auta yana ta waƙarsa da ba mai gane ta sai shi. Hankalin Yaya ya fara kwanciya.

Dab da shataletale, wani mai keke ya faɗo titi bai duba ba. Mama ta taka birki da dukkan ƙarfinta.

Bel ya tare Yaya a ƙirji. Kujerar kuwa ta fizge daga hannunta kamar ba ta taɓa riƙe ta ba. Ta kifa gaba da Auta a cikinta, ta bugi bayan kujerar gaba.

Waƙar ta tsaya. Motar ta yi shiru.

"Innalillahi!" Mama ta fito da gudu, ta ɗaga kujerar. Sai a lokacin Auta ya tsala kuka. Goshinsa ya kumbura, leɓensa yana jini.

A asibiti likita ta daɗe tana duba shi. Ta haska idanunsa, ta taɓa wuyansa, ta sa shi ya taka zuwa wurin Mama.

"Ya auna arziki," in ji ta. "Ƙulu ne da ɗan tsagewar leɓe. Ku sa masa ido yau. Idan ya yi amai ko barci ya yi masa yawa, ku dawo da shi nan take. Amma Maman yaro, ba a ɗaure kujerar ba ne?"

Mama ta rufe fuska da tafin hannu. "Laifina ne, likita. Ban duba ba. Da hannuna na sa ɗana a ciki."

Yaya ba ta taɓa ganin Mama tana kuka ba. Ta ji abin ya fi mata duka ciwo.

"Mama, ni ce," in ji Yaya. "Ni na danna maɓallin. Na kasa mayarwa, na ji tsoron gaya miki. Amma wallahi na riƙe kujerar, Mama. Ban sake ta ba, ƙwacewa ta yi."

Likita ta jawo hannun Yaya. Yatsunta sun yi ja.

"Na ga alama kin riƙe, 'yata. Amma idan mota ta tsaya farat ɗaya, duk abin da ba a ɗaure ba gaba yake yi da ƙarfi. Ko hannun babanki ba zai iya tare kujerar nan ba. Maɗauran nan suna riƙe yaro a kujera. Bel shi ke riƙe kujera a mota. Idan babu ɗaya, ɗayan bai isa ba."

Mama ta share hawaye, ta dubi Yaya. "Da kin gaya mini, faɗan minti ɗaya zan yi miki, in gyara a minti biyu. Ni ma da na duba, da ba mu zo nan ba."

Ranar Yaya ba ta je makaranta ba. Gidan kwalin ya lotse a ƙasan mota, ko kallonsa ba ta yi ba.

Da yamma Baba ya dawo. Ya saurari komai, ya rungume Auta ya daɗe. Sannan ya ce, "Yaya, biyo ni."

Ta bi shi. Wurin mota ya nufa. Ya juya kujerar ya duba ta ciki da waje, babu inda ta tsage.

"Na hana ki taɓawa, amma ban taɓa nuna miki dalili ba," in ji shi. "Matso ki gani."

Ya nuna mata kafar da bel ke bi. Ya zura shi, ya warware inda ya murɗe, ya maƙala, suka ji ƙas. Ya danna kujerar da gwiwa, ya ja bel ɗin har ya ɗame.

"Ɗaurewa aikin manya ne. Jijjigawa kuma daga yau aikinki ne. Bismillah."

Yaya ta kama kujerar da hannu biyu ta jijjiga. Motar ce ta girgiza, kujera ko gezau.

Washegari Auta ya shiga mota da filasta a goshi, yana nuna wa kowa. Mama ta sa makulli.

"Tsaya, Mama!" in ji Yaya. Ta jijjiga kujerar, ta duba maɗauran Auta, ta ɗaura nata bel ɗin. "Ba ta motsa ba. Mu tafi."

"To, ranki ya daɗe, shugabar masu kokawa," in ji Baba daga bakin ƙofa. Har Auta ya yi dariya, bai ma san dalili ba.

Tun daga ranar Yaya ta riƙe abu biyu. Ba a tayar da mota sai kujerar yaro ta ɗauru da bel. Kuma wanda ya yi kuskure ya faɗa da wuri, kafin kuskuren ya cutar da wani.