Goro da Hannun Hagu

Kowace safiya, da rana ta ɗan ɗago, Safiyatu takan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar da ke tsakar gidansu a Bagwai, ta kwantar da mijinta Khalilu rigingine, ta kwance maratayin da ke riƙe da hannunsa na dama. Sai ta tallafi gwiwar hannun da tafinta ɗaya, ta kama wuyan hannun da ɗayan, ta ɗaga a hankali har inda aka nuna mata a asibiti, ta sauke. Sau goma da safe, goma da rana, goma da yamma. An hana shi ya sa ƙarfinsa ko kaɗan. Aikin nata ne. Nasa kawai ya saki jiki ya cije haƙori.

Safiyatu ta ce, "Yaya, kana taya ni. Sista ta ce ka yi rilas, ka saki jiki, ba ta ce ka yi kokawa da ni ba."

Ya ce mata shi da yake saɓa buhun dawa shi kaɗai, yau ga shi yarinya tana juya shi kamar tuwo a tukunya. Ta ce ai tuwo ya fi shi ladabi, don ba ya gardama da muciya. Ya yi dariya har kafaɗar ta amsa, dariyar ta koma nishi.

Abin ya samo asali ne a daminar bara. Khalilu yana huɗa, wata mota ta saki ƙara a bakin titi, shanun suka firgita suka zabura. Da wani ne da ya saki garmar, amma shi ya riƙe ta da hannu biyu don kada ta sari ƙafar shanun, suka ja shi a ƙasa kunya bakwai. Da aka ɗaga shi, babu hannun da yake iya kaiwa ko saitin ƙirji.

Ba a yi dogon tunanin inda za a kai shi ba, domin mahaifin Safiyatu, Malam Nababa na Kunci, maɗori ne, ɗan maɗori, jikan maɗori. Daga ƙauyuka masu nisa ake kawo masa karaya. Ya duba surukinsa da kyau, ya ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne mai ƙarfi. Ya yi tofi, ya shafa man shanu, ya ɗaure. Kwana arba'in aka yi, aka kwance, hannuwa suna nan yadda suke. Sai Safiyatu ta matsa aka tafi birni. Hoton da aka ɗauka ya nuna Malam Nababa bai yi kuskure a kan ƙashi ba. Jijiyoyin da ke riƙe kafaɗa ne suka yage, hagu da dama, kuma ba sa haɗuwa sai an ɗinke. Likita ya ce ɗaya bayan ɗaya za a yi, don kada a bar mutum babu hannu ko ɗaya, kuma da ta hagu za a fara domin ta fi lalacewa.

Shekarar mai wuya ce. Hatsi ya yi tsadar da tsofaffi ba su taɓa gani ba, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. Shanun huɗar suka tafi kasuwa, aka yi tiyatar hagu.

Malam Nababa ya zo dubiya. Ya zauna ya daɗe yana kallon zaren ɗinkin, bai taɓa ba. Ya ce su a gidansu, tun kakanni, ba a sa wuƙa a jikin wanda ƙashinsa bai karye ba. Ya ce mutumin da aka tsaga masa kafaɗa biyu ya gama noma, kuma shi bai aurar da 'yarsa don ta zauna da yunwa a irin wannan zamani ba. Da ya miƙe zai tafi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Wallahi, in aka tsaga ta daman, 'yata ba za ta ƙara kwana a gidan nan ba."

Hagu ta warke a cikin wata biyar, da hannun Safiyatu da haƙurinta. Dama kuwa sai ƙara mutuwa take yi, ko cokali ba ta kaiwa baki. Suka yi ta juya maganar tsakaninsu. Khalilu ya ce gara ya zauna da hannu ɗaya da ya rasa matarsa. Ita ta ce masa manomi mai hannu ɗaya shi ne ainihin abin da Baba yake tsoro, don haka a yi aikin, a yi shiru, in ya warke hannun zai yi musu bayani da kansa. Haka aka yi, saura sati uku Babbar Sallah.

Gaisuwar Sallah kuwa ba a aika ta da saƙo. Washegarin Sallah suka shiga mota zuwa Kunci. Safiyatu ta ɗaure masa maratayin a kan 'yar ciki, ta zura masa babbar riga, ta saki hannun rigar ya rufe komai. Ta ja da baya ta dube shi, ta ce ko ita ba za ta gane ba.

Zauren Malam Nababa cike yake da dattawan unguwa. Khalilu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, kansa a ƙasa. Tsohon ya amsa da sakin fuska, har ya tambaye shi yaya jiki. Sannan ya laluba aljihu ya zaro farin goro, ya miƙa masa.

Wannan ne abin da su biyun ba su shirya masa ba. Goron yana tsaye a iska, dattawa suna kallo. Khalilu ya ji hannun daman ya motsa a cikin ɗaurinsa ya tsaya. Ya miƙa hagu ya karɓa.

Dattawa suka dubi juna. Ko yaro ba ya karɓar abu daga hannun babba da hagu, balle suruki. Amma abin da ya soki Malam Nababa ya wuce wannan. Hagun nan ita ce hannun da ya ɗaure kwana arba'in bai tashi ba, asibiti ya tashe shi. A ganinsa yaron ya zaɓi ranar Sallah da idon mutane don ya nuna masa shi. Ya mayar da hannunsa cikin riga, ya ce wa Khalilu ya sauka lafiya, matarsa kuma za ta ɗan kwana biyu a gida. Khalilu ya buɗe baki, ya tuna rantsuwar, ya rufe. Ya koma Bagwai shi kaɗai da goron a aljihu.

Kwana uku Safiyatu ba ta ci abin kirki ba. Mahaifiyarta, Inna Hure, ta yi ta lallashi, tana cewa fushin Malam kamar ruwan bazara ne, a bar shi ya wuce. Amma Safiyatu ta san abin da Inna ba ta sani ba. An gaya mata a asibiti cewa kafaɗar da aka ɗinke, in aka bar ta ba motsi, ƙagewa take yi, kuma wani ƙagewar ba ya sakuwa. Maƙwabta za su kai wa Khalilu tuwo, amma babu wanda ya san inda ake tsayawa da hannun. Duk kwanan da ta yi a Kunci, daga kafaɗarsa ake cire shi. A rana ta uku Inna Hure ta same ta a bayan ɗaki ta riƙe taɓarya da hannu biyu, tana ɗagawa a hankali tana saukewa, hawaye na zuba. Ta tambaye ta ko lafiya. Safiyatu ta gaya mata komai. Inna ta dafe ƙirji ta roƙe ta kada ta faɗa wa Malam, don in ya ji, auren ya ƙare.

Da hantsin rana ta huɗu, bayan masu karaya sun watse, Safiyatu ta shiga zaure ta durƙusa.

"Baba, ba raini ba ne. Hannunsa na dama a ɗaure yake a cikin riga. An yi masa aikin kafin Sallah, kuma ni na matsa masa."

Tsohon ya ajiye kararen ɗorin da yake ferewa. Daga baya ya tambaye ta ko ta manta abin da ya rantse a kai. Ta ce ba ta manta ba, kuma ba ta zo roƙon a mayar da ita ba.

"Abu ɗaya nake roƙo. Yau kwana huɗu ba a motsa kafaɗar ba. Kai ka fi ni sanin abin da zama yake yi wa gaɓa. Ka sa a je a ɗaga masa."

Ya ce wa zai aika, wa yake da wannan hannun a Bagwai?

"Babu kowa, Baba. Hannu biyu na sani. Nawa, da wanda na taso ina kallo a zauren nan."

Ya kore ta cikin gida. Amma washegari da sassafe ya saɓa jakarsa ya fita bakin titi, yana cewa za shi ya ga ɓarnar da aka yi da idonsa.

Ya tarar da Khalilu zaune a gindin dalbejiya, riga a karkace domin shi ya sa wa kansa, fuska duk ta faɗa. Yaron ya yunƙura zai durƙusa, tsohon ya ce ya bari. Ya umarce shi ya ɗaga hagun. Khalilu ya ɗaga ta sak, har ya kama reshe. Malam Nababa ya ce ya sauke, ya sake, ya kai ta bayan ƙeya, ya kai ta gadon baya. Sannan ya matso ya ɗora babban yatsansa a kan tabon, ya bi gaɓar a hankali, idonsa a rufe, yana sauraronta yadda ya saba. Ya daɗe a haka.

Ya sa aka shimfiɗa tabarma. Ya kwance maratayin da kansa, ya tallafi hannun daman, ya tambayi Khalilu har ina aka yarda a kai. Khalilu ya nuna. Kafaɗar ta riga ta fara tauri; a ɗagawa ta farko gumi ya karyo wa yaron. Tsohon bai yi gaggawa ba, bai kuma wuce inda aka nuna masa ko da faɗin yatsa ba. Da ya gama goman, ya mayar da ɗaurin, ya zauna a gefen tabarma.

"Shekara arba'in ina ɗori," in ji shi. "Ƙashi na sani. Wannan ɗinkin ban san shi ba, kuma ya yi kyau."

Sai ya juyo ya tambaye shi me ya hana shi magana a zaure, ya bar shi ya ci masa fuska a gaban mutane. Khalilu ya sunkuyar da kai ya ce tsoron rasa ta ne. Malam Nababa ya ce to ga shi ɓoyon ya kusa sa ya rasa ta, ya rasa hannun gaba ɗaya. Khalilu ya nemi gafara, ya ce laifinsu ne. Tsohon ya ce rabin laifin ne nasu, rabin nasa ne. Ya yi masa motsa hannu na rana, ya yi masa na yamma, ya kwana, ya yi masa na safe, sannan ya koma Kunci.

Bai shiga ɗaki ba sai da ya kira Inna Hure ya ce a buɗe rumbu. Lokacin ne da rumbu yake nuna gindinsa, shuka ko gwiwa ba ta kai ba. Ya ce a auna geron ciyar da mabukata goma, kaffarar rantsuwarsa. Inna ta leƙa rumbun ta dube shi, ta ce ai da ya yi azumin kwana uku ya huta. Ya ce azumi na wanda ba shi da shi ne, shi kuwa yana da shi, ko da kaɗan ne. Bakinsa ya yi saurin, rumbunsa zai biya. Ya tsaya aka auna, aka kai gidaje goma da ya lissafa da kansa. Kafin azahar ya sa 'yarsa a gaba, ya raka ta har ƙofar gidan mijinta, don kada na rana ya wuce.

Khalilu bai yi noma a wannan daminar ba. Sati shida ya yi da maratayi, ya yi watanni yana tafiya da yatsu a jikin bango kamar gizo, yana jan igiyar da Safiyatu ta rataya a reshe. Duk ranar Juma'a tsohon yakan zo ya taɓa gaɓar, ya ce da saura. A damina ta gaba ya taɓa, ya ce ya je ya yi huɗa. Tun daga nan kuma, duk wanda aka kawo zauren Kunci da ciwon kafaɗa alhali ƙashinsa lafiya, Malam Nababa yakan ce a kai shi birni a ɗauki hoto, kuma bai rage daraja a idon kowa ba saboda haka.

Yara masu tasowa, ku lura da mutanen nan uku. Ɓoye gaskiya don tsoron rabuwa bai tsare auren ba, kusan kashe shi ya yi. Abin da ya tsare shi shi ne yarinyar da ta faɗi gaskiya a lokacin da faɗin zai iya raba ta da mijinta, domin lafiyarsa ta fi mata zamanta. Babba kuma da ya ga kuskurensa ya gyara da hatsin bakinsa, a shekarar da hatsi yake da wuya, wannan ne ya cancanci a durƙusa masa.