Dokar Takalmi a Shagon Nyokabi

Duk mai wasan tseren mota na kwamfuta a Nakuru ya san dokar Nyokabi: ba a taka mata birki da totur da takalmi. Kujerar wasa ɗaya gare ta a shagonta, da sitiyari mai fizgar hannu kamar na gaske, tana ji da ita kamar ƙwai.

Ran nan da magariba ana yayyafi, tana shirin rufewa, wani dogo ya shigo yana warin ƙonanniyar taya.

"Zagaye ɗaya zan yi, Mama."

"Ban haife ka ba. Cire ƙazamin takalmin nan ko ka kama gabanka."

"Ki bar ni da shi, zai fi miki alheri."

"Ni za ka yi wa barazana a shagona? Cire!"

Sai ya sunkuya a bakin ƙofa. Ba ta ji takunsa ba, sai ganinsa ta yi a kujera.

Tuƙi yake kamar mai gaba da hanya, har ya kusa karya bajintar gudun da ta kafa shekara uku da suka wuce. Haushi ya sa ta leƙa ƙasa ta ga yadda yake taka birkin.

Birki na sauka, totur na tashi, ƙafafun wandonsa na lilo, ba komai a ciki.

Sai ta ji ƙas, ƙas, daga bakin ƙofa. Takalman ne, da ƙafafu a ciki zuwa idon sawu, na dama yana danna siminti.

"Ke kika ce in cire," in ji shi, ko waiwayowa bai yi ba.