Katangar da Ya'u Ya Miƙar

Magariba ta kawo jiki a unguwar Limawa, hayaƙin murahu ya kwanta a kan rufin gidaje ya ƙi tashi. Ya'u yana zaune a tsakar gida da butar alwala a gabansa, yana kallon sabuwar katangarsa ta bulo da siminti kamar mai kallon ɗan fari. Matarsa Umma tana tuƙa tuwo, 'yarsu Raliya tana kwashe shanya. Sai wani abu ya faɗo cikin tukunyar miya, tim.

Umma ta sa ludayi ta tsamo shi. Guntun tubali ne na jar ƙasa da ciyawa, irin na ginin mutanen da. Kafin ta buɗe baki wani ya sauka kusa da buta, wani ya bugi ƙofar madafa. Ba daga waje ake jefo su ba. Daga sama suke saukowa, a hankali, kamar ana ajiye su ɗaya bayan ɗaya.

"Yaran unguwa ne," in ji Ya'u.

Umma ta miƙo masa guntun a ludayi. Shi kansa ya san tubalin. Na tsohuwar katangar da ya rushe ne, wadda ya sa aka kwashe ƙasarta aka zubar a bakin kogi.

Gidan nan kakansa Na'inna ne ya gina shi. Magini ne daga Kano, ya biyo fatake ya sauka Jimeta tun tana 'yar mashigar jiragen ruwa, bukkoki da ciyawa har bakin Binuwai. Shi ya fara ɗaga soro a unguwar. Soro ne mai faɗi, azarorinsa sun tashi daga bango sun haɗu a can sama, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Magina kan zo daga cikin Yola su tsaya su ɗaga kai, su auna da ido, su tafi suna cewa a ƙa'ida bai kamata ya tsaya ba. A nan aka haifi Ya'u, a nan mahaifinsa ya cika. In ana maganar abin da Ya'u yake so a duniya, to sai an fara da soron nan.

Aibi ɗaya gidan yake da shi. Katangar gabas, wadda ke manne da bayan soron, tana tafiya sambal sai ta lanƙwasa ciki, ta zagaye wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma ba, sannan ta koma hanyarta. Ba itace a wurin, ba rijiya, ba kabari. Ƙasa ce kawai, kullum a share, ba a kuma taɓa ganin mai sharewa ba.

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Gabas aka dawo da Ya'u aiki gida. Ya kawo abokan ofis su ga soron kakansa, wani a cikinsu ya yi dariya ya ce maginin da ya iya wannan rufi ya kasa ja wa katanga igiya. Maganar ta zauna wa Ya'u a maƙoshi kamar ƙayar kifi. Ya kira birkila.

Gogo Asta, ƙanwar mahaifinsa, tsohuwar da ke kwana a soron, ta ce masa, "Baba ya ce a bar ta haka."

"Saboda me, Gogo?"

"Bai faɗa ba. Mu kuma a zamaninmu ba a tambaya."

Ya'u ya yi murmushin masu ilimin boko. Aka rushe, aka miƙe katanga, ɗan filin ya shigo cikin gida, aka yi masa daɓen siminti, Umma ta jera buhunan gawayi a kai.

Daga ranar tubalin nan, magariba ta zama abin tsoro a gidan. Da rana ta yi ja sai kaji su ƙi shiga akurki. Sai a ji ana shara a bayan soro, sharr, sharr, a leƙa ba kowa. Wata rana aka ji muryar tsohuwa tana sallama daga cikin bango, sallama mai tsawo, ta mai jiran a amsa.

Sannan abin ya koma kan Raliya. Yarinya ce mai surutu, wadda uwarta kan roƙa ta yi shiru, sai ga shi ana roƙonta ta yi magana. Kafaɗarta ta dama ta sauka, tana tafiya a karkace kamar mai ɗauke da tulu. In aka tambaye ta sai ta ce, "Nauyi." An kai ta asibiti, an duba, ba a ga komai ba. Ta daina cin abinci sai a ɗura mata kunu. Da yamma takan je ta ture buhunan gawayi ta zauna a kan daɓen, fuskarta a bango. Ya'u yana kallon wuyan 'yarsa yana ƙara sirancewa, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba.

Ya ajiye girman kai ya tafi cikin Yola ya ɗauko Modibbo Bakari, dattijon malami mai ƙaramin jiki wanda ba ya ɗaga murya. Modibbo ya iso bayan la'asar. Bai tambayi yarinyar ba tukuna. Ya zagaya gidan, ya shiga soro ya daɗe yana kallon sama, ya fito ya shafa sabuwar katanga da tafin hannu. Sannan ya sa aka shimfiɗa masa buzu a gaban Raliya, ya fara karatu ƙasa ƙasa.

Rana tana sauka, inuwar soro tana rarrafowa har ta rufe su. Raliya ta juyo. Idonta a buɗe, amma ba ita ce a ciki ba.

"Sai yanzu aka amsa sallamata," in ji wata murya daga bakinta, tsohuwar murya mai kaushi.

Umma ta toshe baki da gyale. Modibbo ya ce, "Wa alaikumus salam. Wace ce ke, me ya haɗa ki da yarinya?"

"Na riga kakansu zama a nan. Ya zo da igiyar awo ya tarar da ni, ya yi sallama kamar mutumin kirki. Ya lanƙwasa gininsa ya bar mini wurin zama. Ni kuma na sa kafaɗa na tallafe masa soro. Tun ran nan ban sauke ba."

"To yarinyar fa?"

"An shafe mini wuri da dutsen Nasara, an ɗora gawayi. Ina zan zauna? Jikin nan na samu."

Ya'u ya zube kan gwiwoyinsa. "A fasa daɓen! Gobe in rushe katangar, in mayar da ita yadda take!"

Kan yarinyar ya juyo gare shi a hankali. "Ƙasar da ta sha siminti ba ta zaunuwa, jikan Na'inna."

Modibbo ya ci gaba da karatu, muryarsa ba ta ƙaru ba, amma jikin Raliya ya fara rawa. Muryar ta yi nishi ta ce, "Sassauta, Modibbo. Abu biyu ne. A bar ni a jikinta, soro ya tsaya har jikokin jikoki. Ko in tafi kogi, in tafi da kafaɗata."

Modibbo ya dubi Ya'u. "Gidanka ne, 'yarka ce."

Ya'u ya ɗaga kai ya dubi soron, zankayensa sun yi baƙi a jikin jan sama. Numfashi ɗaya ya yi yana kallo, ɗaya tak, amma Umma ta gani, shi ma ya san ta gani.

"Ki tafi," ya ce. "Ki bar mini 'yata."

"Akwai tsohuwa a cikin soron," in ji Modibbo. "Ki ba mu lokaci, ki kuma yi alkawari ba ki dawowa."

"Na yi," in ji muryar. "Ku fito da ita kafin jan sama ya ɓace."

Ya'u ya ruga cikin soro. Gogo Asta tana zaune a bakin gadonta da carbi, ta ce ita ba inda za ta, a nan aka yanke mata cibi. Ƙasa ta fara zubowa daga tsakanin azara, siririya kamar gari. Bai tsaya gardama ba, ya saɓe ta a baya tana dukan kafaɗarsa, ya fito da ita. Bai ɗauki akwati ba, bai ɗauki takobin mahaifinsa da ke rataye a bango ba.

Jan sama ya dushe. Raliya ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta. Wata iska mai sanyi ta ratsa tsakar gida ta yi wajen kogi.

Soron bai faɗi da ƙara ba. Ya durƙusa ne a hankali, azara suna kuka ɗaya bayan ɗaya, kamar mai sauke kayan da ya daɗe a ka. Ƙura ta tashi ta lulluɓe su, ta kwanta.

Cikin shirun nan Raliya ta buɗe ido. Ta miƙe zaune, kafaɗunta biyu daidai, ta ce, "Umma, yunwa nake ji."

Umma ta rungume ta tana kuka, ba ta dubi mijinta ba. Gogo Asta tana zaune a ƙasa tana tsince ciyawa daga wani guntun tubali. Ya'u ya tsaya shi kaɗai, ƙura har gashin ido. A gabansa tarin jar ƙasa ne, a bayan tarin kuma katangarsa, miƙaƙƙiya sambal, ko tsagewa ba ta yi ba.